Zuwa Tokyo da ƙaramin guzuri: tambayoyin da aka fi yi kan kuɗin tafiya da masauki

Tun da na fara zuwa Tokyo, duk wanda ya ji labari cikin 'yan'uwa da abokan kasuwanci sai ya tare ni da tambaya guda: "Wai nawa mutum zai tanada?" Ina amsa wannan sai wasu goma su biyo ta. Waɗanda suka fi maimaituwa ne na tara a nan. Duk farashin da yen, kuɗin Japan, na rubuta shi, domin naira ba ta kwana inda ta wuni. A 'yan shekarun nan dala ɗaya tana kai-komo ne a wajen yen 150, sai kowa ya yi lissafinsa da canjin ranar da zai tashi.

Gaskiya ne Tokyo ta fi ƙarfin mai ƙaramin hali?

Sunan tsada ta yi tun zamanin da tattalin arzikin Japan ke ganiyarsa, sunan kuma ya bi ta har yau. Amma darajar yen ta faɗi sosai, har a 2024 dala ɗaya ta haura yen 160. Wanda ya shigo da dala zai tarar abinci da jirgin ƙasa na cikin gari sun fi na Landan ko Faris sauƙi nesa ba kusa ba.

Abu biyu ne ke cinye kuɗi: tikitin jirgin sama da wurin kwana. Na farkon ba ka da iko a kansa sosai. Na biyun kuwa shi ne ya yi tashin gwauron zabo, saboda faɗuwar yen ɗin ta jawo baƙi kamar fari. A 2024 kaɗai sama da mutum miliyan 36 suka shiga ƙasar. Saboda haka yawancin dabarar da ke cikin wannan shafi a kan gado take.

To, nawa zan ware wa kowace rana?

Wanda zai kwana a ɗakin haɗaka, ya ci abincin kanti, ya yi yawonsa a jirgin ƙasa, yen 8,000 zuwa 12,000 za su riƙe shi a rana, har da kuɗin gado. Wanda yake son ɗakin kansa da banɗakinsa, ya lissafa 15,000 zuwa 20,000. Ban sa tsaraba a ciki ba, kuma na san mutanenmu, tsarabar ce ke karya lissafi.

A rarrabe, abinci yana cin 2,500 zuwa 4,000, zirga-zirga wajen 1,000, sauran duk na masauki ne. Ka ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kan jimillar don abin da ba a zata ba. Ka kuma sayi inshorar lafiya ta matafiya tun daga gida, domin baƙo shi ke biyan kuɗin asibiti gaba ɗaya daga aljihunsa.

Yaya batun biza da jirgin sama?

Ɗan Najeriya sai da biza, ofishin jakadancin Japan kuma yana Abuja. Za a nemi tsarin tafiyarka rana bi rana, da shaidar masauki, da takardar banki mai nuna cewa za ka iya riƙe kanka. Wannan ya sa ake kama masauki tun kafin biza ta fito, don haka ka zaɓi wanda za a iya sokewa ba tare da asara ba.

Har yanzu akwai masu tambayata game da "bizar musamman ta Kisarazu". A watan Agustan 2025, lokacin taron TICAD na Japan da ƙasashen Afirka a Yokohama, hukumar JICA mai kula da tallafin Japan ga ƙasashen waje ta haɗa garin Kisarazu da Najeriya a wani shirin zumunci, labari ya bazu cewa an buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar zama da aiki. Gwamnatin Japan ta musanta, a watan Satumba kuma aka soke shirin ɗungurungum. Duk dillalin da ya ce zai samo maka ita, kuɗinka yake so.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Japan. Ana bi ta Adis Ababa, Doha, Dubai, Istanbul ko Alƙahira. Idan farashin tikiti biyu ya yi kusa, ɗauki mai sauka a Haneda. Dalilin yana cikin amsa ta gaba.

Na sauka. Ta yaya zan shiga gari ba tare da an yashe ni ba?

Tokyo tana da filin jirgi biyu. Haneda yana bakin gari: jirgin ƙasa na Keikyu zai kai ka Shinagawa da kuɗin da bai kai yen 400 ba. Narita kuwa yana can jihar Ciba, wajen kilomita 60 daga tsakiyar birni. Tasi daga Narita tana wuce yen 20,000, wato kuɗin kwana uku ko huɗu a ɗakin haɗaka. Kada ma ka kalli layinta.

Daga Narita, jirgin ƙasa mai sauri na Skyliner yana kai wa unguwar Ueno cikin minti arba'in da 'yan kai a kan wajen yen 2,500, Narita Express kuma wajen 3,000 zuwa babbar tashar Tokyo. Abin da allunan talla ba sa nunawa da manyan baƙi shi ne jirgin Keisei na gama-gari, wanda ke tsayawa a tashoshi da yawa amma ya kai ka Ueno ɗin nan da abin da bai kai rabin kuɗin Skyliner ba. Akwai kuma bas mai araha zuwa tashar Tokyo. Mai akwati biyu manya ya fi samun sauƙi a bas, don ba zai yi ta fama da matakala ba.

Waɗanne irin masaukai ne masu araha?

Mafi sauƙi shi ne gidan baƙi na haɗaka, inda ake jera gadaje masu hawa biyu, kowane da labulensa da fitilarsa, banɗaki da kicin kuma na kowa da kowa. Gado yana kamawa daga yen 3,000 zuwa 6,000. Kicin ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne ga Musulmi, kamar yadda za a gani a tambayar abinci.

Sai otal ɗin ma'aikata, wanda aka gina don masu zuwa aiki daga wasu garuruwa: Toyoko Inn, APA, Super Hotel, Dormy Inn da ire-irensu. Ɗakin ƙarami ne ƙwarai, idan ka buɗe akwati a ƙasa sai ka tsallaka shi kafin ka kai ƙofa. Amma akwai tsabta, da banɗakinka, da tukunyar dafa ruwa, yawanci kuma da injin wanki na jefa kwabo a wani bene. A Toyoko Inn har da karin kumallo cikin kuɗin. Yanzu ɗakin mutum ɗaya yana tsakanin 8,000 da 15,000, gwargwadon unguwa da rana. A ganina, ga magidanci da ya zo harkar kasuwa, wannan ne ya fi dacewa.

Akwai na uku da ba kowa ya sani ba. Unguwar San'ya, kusa da tashar Minami-Senju, a da matattarar leburori 'yan aikin yini ce, cike da ƙananan gidajen kwana. Da leburorin suka tsufa, da yawa daga gidajen suka koma karɓar matafiya. Ɗaki ne mai faɗin tabarmar Japan uku, a shimfiɗa maka katifa a ƙasa, wanka na haɗaka, amma ƙofarka taka ce, kuɗin kuma bai fi na gadon haɗaka da yawa ba. Unguwar ba ta da ƙyalli, za ka ga tsofaffi zaune bakin titi da gwangwanin giya tun da hantsi, wasu gidajen kuma suna kulle ƙofa da dare. Ni dai na kwana biyar a can ban ga abin tsoro ba.

Otal ɗin nan mai kama da akwati fa, mutum zai iya?

Shi ake kira kafsul. A Osaka aka fara buɗe irinsa a 1979, don ma'aikatan da dare ya yi musu a gari. Rami ne mai tsawon wajen mita biyu, faɗi da tsayi wajen mita ɗaya, an jera su sama da ƙasa. Kana iya zama a ciki, ba ka iya tsayuwa. Ba a kulle shi, labule ne ko makari kawai, don haka minsharin maƙwabci naka ne.

Kwana ɗaya don ganin ido, ko daren da za a yi sammakon jirgi, babu laifi. Zaman mako guda kuwa ban ba da shawara ba. Na farko, sallah: babu inda za ka miƙe a cikinsa, sai ka nemi lungu a falon hutawa, mutane na wucewa ta gabanka. Na biyu, kaya: akwatin ajiyar da za a ba ka siriri ne, ba ya cin babbar jaka. Na uku, wasu gidajen suna fitar da kowa da hantsi don shara, ko da ka biya kwana uku a jere. Na taɓa dawowa daga doguwar tafiya da zazzaɓi, ina so in wuni a kwance, ƙarfe goma na yi ma'aikaci ya zo cikin ladabi yana ta sunkuyawa yana nuna mini agogo. Ranar a kan bencin wani lambu na wuni. Ƙari a kan haka, wanka a yawancinsu na taro ne, kowa tsirara, abin da ba kowane ɗan mutanenmu zai iya ba. Ka tambaya ko akwai wurin wanka mai ƙofa kafin ka biya. Maza da mata dai ana raba musu bene, wasu gidajen ma na maza ne zalla.

A wace unguwa zan nema?

Gabas da arewacin birni sun fi sauƙi: Ueno, Asakusa, Nippori, Minami-Senju, Otsuka. Shinjuku, Shibuya da Ginza suna da suna, sunan kuma kake biya. Ueno da Nippori suna da ƙarin fa'ida, jirgin Narita yana zuwa musu kai tsaye. Otsuka da Asakusa kuma kowace tana da masallaci.

Abin da ya fi sunan unguwa muhimmanci shi ne nisan masaukin daga tasha. Minti biyar zuwa bakwai a ƙafa ya yi. Ɗakin da ya fi araha da yen 1,000 amma sai ka hau bas kafin ka kai tasha, araha ce ta bakin ciki: kuɗin bas zuwa da dawowa ya cinye rabin ribar, gajiya ta cinye sauran.

Wane lokaci ne gado ya fi tsada?

Ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, lokacin furen sakura. Sai jerin hutun da ke farawa 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, da tsakiyar Agusta lokacin bikin Obon, da watan Nuwamba, da ƙarshen shekara. Daga tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu ne aka fi samun sauƙi, sai dai sanyi ne da ya fi na hunturun Jos, dole a zo da rigar kirki. Yuni ma da sauƙi saboda damina.

A cikin mako kuma, daren Asabar yakan ninka na Talata a otal ɗaya, ɗaki ɗaya. Wanda ya kama wata biyu ko uku kafin tafiya shi ke samun zaɓi.

Mu huɗu ne da yara. Otal ko hayar gida?

A Japan ana lissafa kuɗin kwana da yawan mutane, ba da ɗaki kawai ba. Ba a kama ɗakin mutum ɗaya a shigo da na biyu a ɓoye, mai kawo maka ziyara ma ba ya wuce falon ƙasa. Dokar ƙasa kuma ta wajabta wa masauki ya ɗauki hoton fasfon duk baƙon waje, don haka kowa sai an rubuta shi.

Ga iyali, hayar gida mai kicin ta fi. Tun watan Yunin 2018 doka ta tilasta wa masu ba da hayar gida ga matafiya yin rajista, aka kuma taƙaita musu kwana 180 a shekara. Ka duba lambar rajista a tallar gidan. Ka duba kuɗin shara da ake ɗorawa a ƙarshe, domin a kwana biyu yakan kashe arahar, a mako guda kuwa ba ya ciwo. Gidajen sirara ne, maƙwabta kuma ba sa jure hayaniyar dare, sai a ja wa yara kunne.

Yaya zan yi da jirgin ƙasa? In sayi JR Pass?

JR Pass tikitin baƙi ne na hawa jiragen ƙasan kamfanin JR a faɗin ƙasar na 'yan kwanaki. Idan Tokyo kaɗai za ka zauna, kada ka saya. A watan Oktoban 2023 aka ɗaga na kwana bakwai daga ƙasa da yen 30,000 zuwa 50,000. Jirgin ƙasa mai gudun tsiya, shinkansen, daga Tokyo zuwa Kyoto wajen 14,000 ne tafiya ɗaya, ka ga ko zuwa da dawowa bai mayar da kuɗin ba. Mai son zuwa Osaka ko Kyoto da araha ya hau bas ɗin dare: ya biya ƙasa da rabin kuɗin shinkansen a ranakun aiki, ya kuma huta da kuɗin gado na daren.

A cikin gari, kati ake amfani da shi, Suica ko Pasmo. Ka zuba masa kuɗi, ka riƙa dangwala shi a ƙofar tasha. Yana aiki a bas da kantuna ma. Gajeriyar tafiya ba ta kai yen 200 ba. Akwai kuma tikitin baƙi na jirgin ƙarƙashin ƙasa na awa 24, 48 ko 72, wanda a 2024 yake kan yen 800, 1,200 da 1,500, farashin da ake sake dubawa lokaci-lokaci. Mai hawa sau huɗu ko biyar a rana ya ci riba da shi. Sai dai ba ya aiki a layukan JR, har da Yamanote, layin da ke zagaye birni da tasha 30 cikin wajen awa ɗaya.

Abincin halal ba zai tayar mini da lissafi ba?

Zai tayar idan kullum a gidan abinci mai takardar halal za ka ci, domin yawancinsu na masu yawon buɗe ido ne. Abincin Japan mai araha kuwa yana da tarko. Romon taliyar ramen galibi na ƙashin alade ne, miyar da ake dafa nama da kifi da ita kuma sau da yawa akwai mirin, wata giyar shinkafa ta girki. Ka haddace alamomi biyu a jikin kwali: 豚 alade, 酒 giya. Abin dariya, sunan alade a bakinsu "buta" ne. Kada ka shiga otal kana neman butar alwala da wannan suna. Ba ma za ka buƙace ta sosai ba, yawancin masai ɗinsu suna da famfon tsarki a jiki.

Ga yadda nake yi. A Shin-Okubo akwai wani lungu na kantunan Musulmi, ana samun nama, shinkafa, wake da kayan yaji. Kantunan Gyomu Super suna sayar da daskararriyar kaza mai tambarin halal da araha. Da kicin ɗin masauki, tukunya ɗaya ta dafa-duka za ta kai ka kwana biyu. Da rana kuma akwai masu kebab a kasuwar Ameyoko ta Ueno, da gidajen abincin 'yan Indiya, Pakistan da Nepal masu farantin rana mai sauƙi. Ka tambayi asalin naman, ba duka ne na halal ba. A kantunan 7-Eleven, Lawson da FamilyMart akwai dafaffen ƙwai, ayaba, madara da curin shinkafa mai gishiri kawai. Manyan kantunan abinci kuma suna manna takardar ragi bayan magariba, har rabin kuɗi gab da rufewa. Ruwan famfo ana sha.

Ranar Juma'a ka je Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara, masallacin da Turkawa suka sake ginawa aka buɗe a 2000, akwai kantin halal a jikinsa. A tuna, a can alƙibla ba gabas take ba, yamma ce mai karkata arewa. Karo na farko sai da na duba waya sau biyu kafin zuciyata ta yarda.

To in taho da kilishi da dambun nama mana?

Kada ka soma. Japan ta hana shigo da nama kowane iri, ɗanye ko busasshe, ba tare da takardar binciken hukuma ba, akwai kuma karnuka masu shinshina jaka a wurin ɗaukar kaya. Hukuncin yana iya kai wa tarar yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara uku. Ɗanyun 'ya'yan itace da ganye ma suna da tasu dokar. Duk abincin da ka riƙo, ka nuna shi a teburin bincike da kanka.

Kuɗi a hannu ko kati?

Duka biyun. Ba a canza naira ko sefa a can, sai ka taho da dala ko yuro. Na'urorin cire kuɗi na 7-Eleven da na gidan waya suna karɓar katunan waje, amma ka tambayi bankinka iyakar abin da katinka zai iya kashewa a waje kafin ka dogara da shi. Ƙananan gidajen abinci da wasu tsofaffin masaukai, irin na San'ya da na ambata, tsabar kuɗi suka fi sani. Wanda ya shigo da abin da ya haura yen miliyan ɗaya dole ya bayyana wa kwastan. Ba a ba da tukuici a ko'ina. Ka bar canji a tebur, ma'aikaci zai biyo ka da shi har titi.

Me zan gani ba tare da na biya ba?

Da yawa. Ginin gwamnatin birni a Shinjuku yana da wurin hango gari a hawa na 45, kyauta, idan sama ta washe da sanyin safiya har dutsen Fuji ana gani. Hasumiyar Skytree mai mita 634 ta fi shi tsawo, amma sai ka biya dubbai. Harabar Senso-ji a Asakusa, dajin Meiji, lambun Ueno, mahaɗar Shibuya da lambun gabas na fadar sarki duk ba a biya; na ƙarshen yana rufe Litinin da Juma'a.

Idan jirgin ƙarshe ya wuce ni fa?

Jiragen ƙasa suna tsayawa tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya, su dawo wajen biyar na asuba. Tasi da dare tana da ƙarin kashi 20 cikin ɗari. Abin da 'yan gari ke yi shi ne su shiga shagon intanet mai kwana buɗe, su kama ɗan keɓaɓɓen wuri mai kujera ko shimfiɗa na awa shida ko takwas, a kan kuɗin da yawanci bai kai na kafsul ba, da shayi kyauta, wasu har da wurin wanka. Za a nemi fasfo, wanda dama doka ta ce baƙo ya riƙa yawo da shi a jikinsa koyaushe.

Akwai ƙananan kuɗaɗen da ba a faɗa sai an je?

Harajin kwana na birnin Tokyo: yen 100 ga kowane mutum idan kuɗin daren ya kai 10,000, yen 200 idan ya kai 15,000, ƙasa da haka babu. Harajin saye kashi 10 ne, abincin da za a tafi da shi kashi 8, shi ya sa kayan kantin "yen ɗari" irin Daiso suke zama 110 a wurin biya. Soket ɗinsu mai siraran ƙafa biyu ne, wutar kuma bolt 100, cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga ba sai da mahaɗi.

Sai ranar komawa. Yawancin otal suna sallamar baƙo ƙarfe goma na safe, jiragen da ke bi ta Doha da Dubai kuma galibi da dare suke tashi. Akwatin ajiya na tasha yana cin yen ɗari-ɗari har zuwa wajen dubu ga babbar jaka, manyan kuma sukan cika tun da safe. Kafin ka nufi can ka roƙi masaukinka su riƙe maka kayan zuwa yamma, yawancinsu suna yi kyauta. Kwabban da suka taru a aljihu kuma ka kashe su a kanti kafin ka shiga jirgi, domin guda ɗaya tana iya zama yen 500, kuma babu ɗan canjin da zai karɓe ta a Wapa.